Sauya tiyon fetur a Beetle ta 1972, daga tanki har kafireto

Asabar, 8 ga Maris, 2025

Motar ta kwana a gareji, da safe na buɗe ƙofa warin fetur ya tare ni. Tsohuwar mota mai kafireto takan yi ɗan wari idan an kashe ta da zafi, amma wannan yakan baje cikin mintuna. Na yau kwana ya yi, kuma a ƙasa babu ɗigo ko ɗaya.

Volkswagen Beetle ce ta 1972, injin 1600, kafireto Solex 34 PICT-3. Na ɗaga murfin injin a baya, na bi tiyon da ya tashi daga famfon mai zuwa kafireto da yatsa. Irin na asali ne, roba a ciki, saƙar zare a waje. A ido lafiyarsa lau, zaren bai tsinke ba, bai ko yi gashi ba. Amma yatsana ya fito da danshi, da na ɗan lanƙwasa tiyon kuma sai na ji robar tana ƙara a ƙarƙashin zaren kamar busasshiyar fata. Illar wannan saƙar ke nan: tana rufe tsagar da ke jikin roba, sannan ta tsotse man da ke tsatsafowa ta baza shi a jikinta, iska ta kwashe. Mai yana fita, ƙasa a bushe.

Ba zan sake tayar da ita ba sai na gama. Na ɗaga kujerar baya na cire wayar nagatif ta batir.

Dalilin wannan tsauri yana cikin yadda aka tsara motar. Tankinta yana gaba, yana cin kusan lita 40, kuma ya fi famfon mai tudu. Idan tiyo ya ɓalle a baya kafin famfo, man zai ci gaba da gangarowa da kansa ko an kashe inji, babu abin da zai tsayar da shi. A ɗakin injin kuwa, famfon yana zaune dab da dilko, inda tartsatsi ke tashi a duk juyi, kwayil yana kusa, dainamo yana gefe da burushinsa. Gangar injin kanta da haɗin ƙarfen magnesiyam aka zuba ta, wanda idan ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi. An ƙera Beetle fiye da miliyan 21 kafin ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla ta Meziko a 2003, kuma duk wanda ya daɗe cikin masu riƙe da ita ya ga hoton wadda bayanta ya ƙone ƙurmus. Galibi ba wani babban abu ne sila ba. Guntun tiyo ne da bai kai tsawon hannu ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Yau dubawa kawai na yi, ban kwance komai ba sai tayoyi biyu, ta gaba a dama da ta baya a hagu, bayan na tokare motar a kan ƙafafun ƙarfe. Jak kaɗai ba a shiga ƙarƙashinsa.

Hanyar man gajeriya ce idan an bi ta. Daga gindin tanki akwai ɗan tiyo da ya haɗa shi da bututun ƙarfe. Bututun ya shige cikin ramin tsakiyar shasi, ya bi tsawon motar a ɓoye, ya fito a baya ta ƙafar shasi ta hagu kusa da giyabos. Daga nan wani tiyo ya karɓa ya miƙa wa bututun ƙarfe na biyu, wanda ya ratsa farantin da ya raba ɗakin inji da ƙarƙashin mota. Sai tiyo zuwa famfo, sai na ƙarshe daga famfo zuwa kafireto. Guda huɗu ke nan, ban da na wuyan tanki da ƙananan na numfashi.

Wanda ya fi lalacewa ba wanda na fara gani ba ne. Na kusa da giyabos ne, wanda ke shan zafin salansa daga ƙasa da ƙura da feshin baƙin mai, kuma ba wanda ke leƙa shi sai in an cire taya. Ya kumbura a bakinsa, ya yi laushi, yana juyawa a kan bututu ba tare da wata gardama ba.

Abubuwa biyu kuma sun fi tiyon tayar mini da hankali. Na farko, zoben robar da ya kamata ya kewaye bututun ƙarfe a inda ya ratsa faranti babu shi. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, inji yana girgiza, gefen farantin yana cin bututun a hankali, har ya yi masa ɗan zane mai ƙyalli. Na biyu, wani da ya riƙe motar kafin ni ya rataya filtar roba tsakanin famfo da kafireto, tana lilo a saman dilko.

Laraba, 12 ga Maris

Dare biyu na yi a kan tambayar da ta fi kowace muhimmanci a aikin nan: wane tiyo zan saka?

Fara da girma. Bututun ƙarfen motar kaurinsa milimita 6 ne daga waje, tiyon da aka yi domin shi kuma ramin cikinsa milimita 5.5. Wannan rabin milimitar ita ce riƙon. Dole robar ta ɗan miƙe kafin ta hau, kuma miƙewar ce ke sa ta kama bututu ta ko'ina. Tiyon da ya fi yawa a hannun masu sayar da kayan mota shi ne na kwata ɗin inci, wato milimita 6.35. Yana shiga salin alin, shi ya sa mutane ke son sa, amma ya fi bututun faɗi tun kafin a ɗaure. Idan aka matse shi da kilif robar ba ta kwanciya daidai, tattarewa take yi, ta bar wata siririyar hanya da mai zai bi yana naso. Wanda ke ƙasa da shi, na kashi uku cikin sha shida na inci, milimita 4.76 ne, kuma tura shi da ƙarfi yana yaga rufin ciki. Saboda haka 5.5 nake nema, ko abin da bai wuce 5.6 ba.

Sai nau'in roba. Lokacin da aka ƙera motar nan fetur ba ya ɗauke da itanol kamar yadda yake yanzu a ƙasashe da yawa. A Amurka fetur mai itanol har kashi 10 cikin ɗari, wanda ake kira E10, ya daɗe da zama na yau da kullum, Birtaniya ma ta koma kansa a Satumbar 2021. Itanol yana jawo ruwa daga iska, ruwan ya kwanta a gindin tanki ya haifar da tsatsa. Yana kuma kumbura tsohuwar robar naitiril, ya wanke sinadaran da ke sa ta laushi, ta yadda idan mota ta daɗe a ajiye tiyon ya bushe sai ya ƙanƙance ya tsattsage. Motar da ba a hawa kullum ta fi shan wannan wahala, ga jiƙa ga bushewa, kuma yawancin tsofaffin motocin da ake adanawa haka suke rayuwa.

Akwai ma'aunin ingancin tiyon mai, SAE J30, da ake bugawa a jikin tiyo, wanda ya kasa tiyo aji-aji da harafin R da lamba. R7 shi ne na gargajiya na motocin kafireto, yana ɗaukar matsi har psi 50 (psi ma'aunin matsi ne). R9 an yi shi ne domin motocin injekta, yana ɗaukar psi 100, kuma cikinsa an shimfiɗa masa roba mai fulorin da ake kira FKM. Famfon Beetle matsin da ake so ya bayar bai wuce psi 3 da ɗan wani abu ba, don haka ba ƙarfin R9 ne ya dame ni ba. Abin da ya ja ni shi ne yawan tururin man da ke ratsa jikin robar. Ma'aunin ya yarda R7 ya saki har giram 550 a kowane murabba'in mita a rana, R9 kuwa giram 15 kacal. Akwai kuma R14, mai irin wannan rufin ciki amma na ƙaramin matsi, shi ma ya dace. R10 na cikin tanki ne, wanda ake nutsarwa a mai, ba shi da aiki a nan. Tiyon da aka yi a Jamus yakan zo da lambar DIN 73379 maimakon SAE.

Na san masu son motarsu ta kasance tamkar ranar da ta fito daga masana'antar Volkswagen ta Wolfsburg a Jamus ba za su so baƙin tiyo santal a ɗakin inji ba, kuma na fahimce su, saƙar zaren tana da kyau. Amma ni na zaɓi wanda zan iya ganin fatarsa. In ya fara tsagewa ina so idona ya gaya mini kafin hancina.

Rubutun da ke jikin tiyo ma ba hujja ba ne shi kaɗai, kowa na iya buga R9 a kan baƙar roba. Na nemi wanda ke ɗauke da sunan kamfanin da ya yi shi da lokacin da aka yi shi, na kuma ce a yanko mini daga sabon naɗi.

Asabar, 15 ga Maris

Kaya sun iso: tiyo mita biyu, kilif, zoben roba na faranti, filta mai gangar ƙarfe, gasket na saman kafireto da na gindin famfo. Na yanki ɗan guntu na duba bakin. Ana ganin rufin ciki daban, siriri, sai zaren ƙarfafawa a tsakiya, sai fatar waje. Na gwada shi a kan bututu, sai da na murɗa kafin ya hau, kuma da na ja bai zame ba.

Kilif ɗin ba irin mai ramuka a jiki ba ne, wanda sukuru ke ja. Wannan a kan ƙaramin tiyo ba ya yin da'ira sosai, yana barin gefe guda a miƙe a ƙarƙashin gidan sukurun, ramukan kuma suna cin roba. Na ɗauki irin na injekta, mai santsin ciki da gefuna a lanƙwashe, wanda girmansa ya dace da kaurin sabon tiyon daga waje.

Lahadi, 16 ga Maris

Na turo motar waje kafin na taɓa mai. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa ya bi rami da lungu, kuma yana kamawa idan ya kai tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin ɗari na iskar wurin. A rufaffen gareji wannan ba wani yawa ba ne. Fitilar hannu mai batir na yi aiki da ita, tukunyar kashe gobara mai hoda tana inda hannuna zai kai ba sai na tashi ba.

Na matse tsohon tiyon gindin tanki, na zare shi daga bututu, na juye man cikin jarkar ƙarfe. Na farkon da ya fito garau yake, na ƙarshen kuwa ya zo da jan gari. Wannan ya sa na fasa shirin barin tankin a wurinsa. Ƙusoshi huɗu ne ke riƙe da shi, sai wayar geji da tiyon wuya da na numfashi. Da na fito da shi na kwance bakin fitar mai, sai ga 'yar ragar da ke ciki ta toshe kusan rabi. Cikin tankin da sauran ƙarfinsa, tsatsar sama-sama ce, ba ta ci ƙarfe ba. Na wanke, na bar shi ya bushe a buɗe.

Da tanki a waje komai na gaban motar ya fito fili, kuma aikin da zai zama na lalube a kwance ya koma na tsaye. Na hura iska ta bututun da ya bi cikin shasi, ƙanena yana riƙe da farin tsumma a ɗaya bakin. Ɗan datti ya fito, ba ɓarɓashin tsatsa ba. Sai ya toshe bakin da yatsa na ba shi iska kaɗan, ya riƙe, bai huce ba. Na kuma buɗe ɗan murfin da ke ƙarƙashin kujerar baya, inda sandar giya ke haɗuwa da giyabos, na sansana cikin ramin. Idan bututun ya huje a ciki, nan ne wari ke taruwa. Babu komai. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai, domin sauya wannan bututun aiki ne na daban mai cin rai.

Asabar, 22 ga Maris

Tanki ya koma da sabuwar raga da sabon tiyo. A baya ne aikin ya ɗauki lokaci.

Bututun da faranti ya ci na cire shi na duba a rana. Zanen bai yi zurfi ba, farce yana jin sa amma bai kai rabin kaurin ƙarfen ba. Duk da haka na sauya shi, tunda gajere ne kuma samunsa ba wuya. Zoben robar sai da na jiƙa shi da ruwan sabulu kafin ya zauna a ramin, lebbansa biyu suka kama farantin ciki da waje.

Filta ta bar ɗakin inji. Na yi tunanin sa ta a gindin tanki kamar yadda wasu ke yi, amma a can dattin tanki kawai za ta tare, abin da bututun cikin shasi ya saki zai wuce kai tsaye zuwa famfo. Na sa ta kusa da giyabos, bayan bututun ya fito, inda za ta tare duka biyun kuma babu matsi a kanta, famfo tsotsa yake yi daga can. Na ɗaure gangarta a jikin shasi don kada nauyinta ya rataya a kan tiyo, na kuma tabbatar ta yi nesa da salansa da sandar taya da wayar kulochi. Kibiyar da ke jikinta tana kallon baya, wajen inji.

Wajen yanka, reza sabuwa na yi amfani da ita don bakin ya fita a miƙe. Kowane guntu na bar masa ɗan rara. Inji da giyabos suna zaune a kan roba, suna motsi idan an taka mai ko an sake shi, shasi kuwa ba ya motsi, don haka tiyon da ya haɗa su in ya yi ɗamau zai riƙa jan kansa daga bututu a duk tashi. Rarar kuma kada ta yi yawa har ya karye a lanƙwasa ko ya goga wani abu. Ɗigon fetur na shafa a baki don ya shige, ban sa giris ba. Kilif yana zama ɗan nesa da ƙarshen tiyo, a matse shi har robar ta fara ɗan tasowa a gefensa, a tsaya nan.

Lahadi, 23 ga Maris

Na kusa tura tiyo na ƙarshe a kan bakin kafireto, sai na ce bari in gwada bakin kansa. Ɗan bututun tagulla ne da aka cusa da matsi cikin gangar kafireton, ba zare, ba walda. Na kama shi da filaya a hankali, ya juya.

Wannan ne ya fi komai haɗari cikin duk abin da na samu. Tagulla da ƙarfen gangar ba sa buɗewa daidai da juna idan sun yi zafi, shekaru hamsin na zafi da sanyi suna sassauta riƙon, ga filtar da ta yi ta lilo tana jan sa. Ranar da ya fita, tare da tiyon zai fita, kilif ɗinsa a ɗaure tsaf. Injin ba zai mutu nan take ba, domin akwai mai a kofin kafireto, famfo kuma zai ci gaba da fesa fetur a kan dilko har kofin ya ƙare. Sabon tiyo mai tauri da sabon kilif ba sa hana wannan, wataƙila ma su ƙara jan bakin.

Na kwance sukurori biyar na saman kafireton na cire murfin, na fitar da allurar da ke tsayar da mai don kada ɓarɓashi ya shige ta. Gyara iri biyu ake yi. Ko a yanka zare a ramin a ɗaura sabon baki mai zare, ko a zare tsohon, a ɗan kakkarta jikinsa ya ƙara kauri, a shafa masa gam mai jure fetur a mayar da shi da ɗan bugu. Na bi ta biyu saboda naman gangar a wurin ba shi da yawa, kuma ba na son in tsaga murfin da samun na asali irinsa ke ƙara wuya. Bayan ya zauna na zagaya siririyar wayar ƙarfe ta bayan kilif na ɗaure ta a sukurun murfin mafi kusa. Ko bakin ya sake saki, wayar ba za ta bar shi ya fito ba.

Bakunan famfon ma haka aka cusa su. Na gwada duka biyun, suna nan daram.

Asabar, 29 ga Maris

Na zuba lita biyar, na bar motar awa guda ba tare da na taɓa makulli ba, sannan na bi kowace mahaɗa da farar takarda mai tsotsa. Duk a bushe. Na zaro sandar auna baƙin mai na sansana, domin idan fatar cikin famfo ta huje fetur yakan gangara cikin inji ya tsinka man. Ba wari, matakin ma bai hau ba.

Na mayar da batir, na ɗiga fetur kaɗan a maƙogwaron kafireto, na mayar da gidan iska. Ƙanena ya murɗa makulli ina tsaye a baya da tukunyar kashe gobara. Ta kama, ta mutu, ta sake kamawa, da famfo ya cika filta da kofi sai ta zauna a silo.

Na dasa geji tsakanin famfo da kafireto, ya nuna sama da psi 4. Ya yi yawa. Matsi irin wannan yana iya rinjayar allurar kofi, mai ya cika ya malala cikin maƙogwaro, kuma yana ƙara wa bakin tagullar nauyi. A wannan injin sanda ce ke tura famfo daga ƙasa, kuma ana rage tafiyarta da ƙarin gasket a gindin. Na ƙara, na sake aunawa, ya sauko kusan 3. Sandar ma na auna ta tunda ta fito, milimita 108 ce, wadda ta dace da famfon motar mai dainamo. Ta milimita 100 ta famfon da aka karkatar ce domin masu altaneta, kuma haɗa doguwar sanda da wancan famfon yana lalata shi.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ta yi tafiya a cikin makon, har da doguwa guda da injin ya yi zafi sosai. Yau na sake cire tayoyin biyu na bi kilif ɗin ɗaya bayan ɗaya. Sabuwar roba takan kwanta a ƙarƙashin kilif bayan ta sha zafi, kuma na kusa da giyabos sun karɓi ɗan ƙarin juyi. Zoben faranti yana wurinsa, wayar kafireto ba ta saki ba. Na rubuta watan da shekarar a jikin filta da alƙalamin fenti.

Saura na sama. Babban tiyon wuyan tanki, wanda ya zo da ƙofar zuba mai ta waje da aka fara sa wa Beetle daga samfurin 1968, ya taurare, ƙananan na numfashi ma haka. Ba sa riƙe mai a kullum, amma idan tanki ya cika aka sha kwana mai yana kaiwa gare su, kuma suna cikin but ɗin gaba, bayan dashbod kai tsaye, inda wayoyin lantarki da fis suke. Na yi odar na wuyan. Kafin ya iso ba zan cika tankin ya wuce rabi ba.